Amanar Celo

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Ni Bashari Hamisu, likitan ƙashi, mazaunin unguwar Malaz a Riyad, na rubuta wannan da hannuna, hankalina garau, babu wanda ya sa ni. Abokan aikina sun duba hoton ƙirjina sun yi shiru, ni kuwa na san irin shirun nan, don na sha yi wa wasu. Zuwa ga 'ya'yana, Musbahu da Sailuba.

Na ɗaya. A binne ni nan Riyad, inda mahaifiyarku Hajar take. Kada a wahalar da kowa da kai gawa Kano. Abin da na bari a raba shi yadda Allah ya ce.

Na biyu. Iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar nan, za ta mutu tare da ni, mai gidan haya kuma ba zai daɗe bai nemi makullinsa ba. Musbahu, kai ne kusa, a unguwar Nasim. Kwashe kayan ya hau kanka.

Na uku shi ne celo, babban gogen nan da na koya ina ɗalibi a Turai. Kun tashi kuna jin sa ta bayan ƙofa, amma ban taɓa gaya muku abin da nake nema a cikinsa ba. Kiɗan na Turawan dauri ne, an tsara shi don celo ɗaya tal, ba ganga ba 'yan amshi. Dabararsa ita ce tsirkiyar sama ta yi kira, ta ƙasa ta amsa, har mai saurare ya rantse mutum uku ne a ɗakin. Malamata ta ce kiɗan rawa ne, a ba shi ƙafa. Haka na yi ta yin sa har Hajar ta rasu. Tun daga nan nake jan sa a hankali, ina jinkirta amsar, don hirar ta daɗe. Masana za su ce na ɓata shi. Su ce mana, su da ke da mai yi musu sallama da yamma. Ni kaɗaici ya ci ni a gidan nan, ba na ɓoye muku.

Sailuba nake so ta karɓe shi. Amma shari'a ba ta yarda a yi wa magaji wasiyya ba sai da yardar sauran magada, don haka yardarka nake roƙo, Musbahu. Na san ka ce kiɗa haramun ne, shi ya sa kake gaishe ni daga bakin ƙofa. Ban yi fushi ba, tsoron Allah ne ya sa ka. Na kuma san kalmar da ƙanwarka ta jefe ka da ita a waya a kan maganar nan, har kuka daina gaisawa. Sailuba, ki ba yayanki haƙuri. Bakinki irin nawa ne, na san kaifinsa.

Na huɗu. Iskar garin nan ta bushe, itace kuwa tsagewa yake yi. A cikin akwatin celon akwai soso a 'yar roba mai huji. A jiƙa shi kullum, a matse, a mayar. In aka yi sakaci, kafin Sailuba ta sami biza ta zo daga Kano, sai dai ta tarar da katako. Musbahu, kai celon gidanka, ka shayar da shi, ka miƙa mata hannu da hannu. Ban yarda a aiki direba ba.

Allah ya yi muku albarka, ya shirya muku zuriya, ya sa ku gama da duniya lafiya. Ku biyu kaɗai na bari, kada ku bari wani ya zama shi ke kai wa ɗayanku labarin ɗan'uwansa.

Musbahu, kada ka ji tsoron zai yi sauti a gidanka. Sandar gogawar na riga na ba Maulud maƙwabcina ya kai wa Sailuba tun watan jiya. Tun ranar gidan nan shiru yake, kuma saboda kai na yi.