Ƙanƙarar Magunan Amma

Shikarpur, ƙarshen watan Yuni

Zuwa ga yayana abin alfaharina, Ada Mehrab,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka Bhabhi Shabiran da yara. Allah Ya ƙara maka ƙarfin jiki a kan aikin da kake yi a ƙasar mutane, Ya tsare hannuwanka daga injinan masaƙar nan, Ya sa albarka a guminka. Mu nan muna yadda Allah Ya ajiye mu. Maigidana Wazir Ali da safe kawai yake buɗe shago, domin kafin azahar titi ya zama ba kowa sai karnuka a ƙarƙashin motoci. An rufe makarantar su 'yata Sindhu saboda zafi, tana gida tana taya ni aiki. Maƙwabciyarmu Masi Hakimzadi ta yi asarar ɓaunarta, a tsaye ta faɗi a bakin kududdufi. Ɗanta ne zai kawo maka wannan takarda idan ya koma Italiya.

Na zaɓi in rubuto maka ne domin duk lokacin da ka kira waya ina zaune a gefen gadon mahaifiyarmu Amma, idonta a kaina, ba na iya ce maka komai sai da sauƙi. Ada, ba da sauƙi ba ne. Ka ji labarin guntu-guntu daga bakin mutane, ina so ka ji shi daga farko, daga bakina.

Ka san tun rasuwar Baba maguna suka zama abokan zaman Amma. Ba ta taɓa sayen ko ɗaya ba, su suke tsallako katanga su zauna. Akwai Bhuri tsohuwa, akwai Champa fara, akwai wasu matasa da ban taɓa iya bambance su ba, sai kuma baƙin muzurun nan da take kira Sufeto, saboda ba ya cin nasa sai ya zagaya ya duba kwanon kowa. Da zafin bana ya sauko, magunan suka daina shan ruwa. Ka zuba ruwa a kasko da hantsi, kafin ka juya ya yi zafi kamar na shayi. Sukan shinshina su koma ƙarƙashin matakala su miƙe, baki a buɗe, ciki yana sama yana ƙasa. Wata ranar Talata muka tarar da Bhuri ta sandare a wurin. Amma ta sa Wazir Ali ya haƙa rami a gindin dalbejiya, ta naɗe ta a tsohon gyale, ranar ko shinkafa ba ta taɓa ba.

Washegari ta ce in jawo mata akwatin ƙarfe na ƙarƙashin gado. Ta fito da gwangwanayen kulfi, daskararriyar madarar nan da Baba yake sayarwa, waɗanda muka yi ta wankewa muna yara har yatsunmu su yi fari. Ta wanke tsatsarsu da toka, ta sa aka sauko da babban tulun da yake daskarar da kulfi a ciki. Firij kam ka san tun da aka shiga bazara ya zama kabad, wuta ba ta zama ko ta isa ruwa ya yi sanyi. Ta aiki Wazir Ali kasuwa ya sayo wuyan kaji da ƙafafu. Ta dafa su da ruwa zalla, ba gishiri, ba albasa, ba tafarnuwa, ba barkono. Da Sindhu ta ce romon zai yi lami, sai ta ce mata cikin mage ba irin namu ba ne da aka yi wa horo da yaji tun a goye, albasar da ke gyara mana miya su guba ce gare su. Ta tace romon da ƙyalle, ta bari ya huce, ta ɗiga kindirmo kaɗan, ta marmasa dafaffen kifi tana tsince ƙaya da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta cika gwangwanayen, ta liƙe murafensu da ƙullun fulawa yadda Baba yake yi, ta jera su a tulu tsakanin fasasshiyar ƙanƙara da gishirin dutse, ta rufe da jiƙaƙƙen buhu, ta zauna tana jujjuya tulun da ƙafa. Ta ce gishiri a waje yake aiki, idan ya shiga ciki an ɓata.

Da ta fasa na farko a faranti ta ƙwanƙwasa gwangwani da cokali, Sufeto ne ya fara fitowa. Ya zagaya abin, ya taɓa da hannu ya yarfe, sannan ya sa harshe. Bai ɗago ba sai da farantin ya bushe. Sauran suka biyo shi. Ada, tun bayan jana'izar Baba ban ga Amma ta yi dariya da haƙora a waje ba sai ranar. Daga nan abin ya zama aikinta na kullum, kuma ba mu sake rasa ko ɗaya ba.

Chacha Khamiso, ƙanin Baba, ya zo ya same ta a kan aikin. Ya tsaya a tsakar gida yana fifita da hularsa, ya ce a garin da mutane ke layin ƙanƙara don a sa wa gawa kafin dangi su iso, matar wansa ta buɗe wa maguna shagon kulfi, saura kawai ta sa musu kujeru da rediyo. Amma ba ta ko ɗago kai daga tulun ba. Ta ce masa shi ma ya yi rabin rayuwarsa yana shan kulfin wansa, amma ba ta taɓa ganin ya lashe faranti tas kamar Sufeto ba, balle ya zo ya goga kai a ƙafarta don godiya. Masi Hakimzadi da ke leƙe ta katanga ta yi dariya har ta ƙware. Chacha ya fita yana cewa tsufa ya taɓa mata kai.

Ana cikin haka Champa ta haihu a saman soro, bayan tankin ruwa, ta ƙi saukowa ta bar 'ya'yanta. Na hana Amma hawa, na ce ni zan riƙa kai mata, ta ce to. Ranar da abin ya faru na tafi layin ƙanƙara, layin ya yi tsawo, Sindhu kuma barci ya ɗauke ta. Amma ta ga rana ta take, ta tuna mai jego tana sama ba ruwa, sai ta ɗauki gwangwanin da ya rage ta hau. Da na dawo ban gan ta a ɗaki ba, na ga takalminta ɗaya a kan matakala. Na same ta kife a kan siminti, gwangwanin a hannunta, romon ya narke ya bi ta ƙarƙashin kumatunta. Jikinta a bushe, ba ko ɗigon gumi, da zafi kamar murhu. Inda hannunta ya kwanta a simintin fatar ta saɓule. Wazir Ali da maƙwabta suka sauko da ita a kan gadon igiya, muka farfasa ƙanƙarar da na sayo muka jera mata a wuya da hammata har muka kai asibiti.

A daren farko ka kira Chacha ka ce a raba gidan da magunan kafin a sallamo ta. Ban riƙe ka a zuciya ba, Ada. Na san tsoro ne ya yi magana da bakinka, kana can nesa ba abin da hannunka zai iya kaiwa. Amma ya kamata ka san abin da ya biyo baya. Chacha ya zuba su a buhunan shinkafa, ya ɗaure a bayan babur, ya kai su bayan mahauta ya zazzage. Bai san da 'ya'yan da ke bayan tanki ba, ni kuma ina asibiti, hankalina bai kai can ba. Wari ne ya sanar da Wazir Ali inda suke.

Da aka sallamo Amma, likita ya ce zafin ya taɓa mata ƙoda, dole ta riƙa shan ruwa kaɗan-kaɗan ba fashi. Muka shigo da ita, ta dubi ƙarƙashin matakala, ta dubi katanga. Na ce mata zafi ne ya watsa su, za su dawo. Sai ga Chacha ya zo sannu, ya ce a daina yi mata ƙarya kamar yarinya, shi ya kwashe su, kuma ɗanta na cikinta ne ya ba da umarni, ta gode Allah da aka raba ta da abin da ya kusa kai ta kabari. Na zaci za ta zage shi. Sai kawai ta juya fuskarta bango. Daga ranar ta rufe bakinta. In na kawo ruwa ta ture, in na kawo lassi, damammen nonon nan, ta ce ƙarni yake mata. Muka kira ma'aikaciyar jinya ta sa mata ƙarin ruwa a gida, har aka rasa jijiyar da za a soka. Leɓɓanta suka tsattsage. Na durƙusa na roƙe ta don darajar Baba, ta ce ba gardama take yi ba, maƙogwaron ne ya ƙi.

Sai na ɗauko tulun. Karon farko bai daskare ba, na yi rowar gishirin waje. Na biyu ya kama. Na zuba gwangwanayen a kular ruwa, Wazir Ali ya goya ni a babur da sassafe zuwa bayan mahauta. Wurin ba ya shiguwa, Ada, ga jini ya bushe a kwata, ga ƙuda, ga karnuka. Na tsuguna na fasa ƙanƙarar a faranti ina ƙwanƙwasa gwangwani da cokali. Maguna suka fito, amma ba namu ba. Mahauta suka tsaya suna kallona, ɗaya ya ce Adi, 'yar'uwa, in sadaka ake rabawa su ma suna jin zafi. Da Wazir Ali ya ba su labari sai suka daina dariya. Wani dattijo a cikinsu ya ce ya ga wata fara mai nono a cike, tana ta kai-kawo a bakin titi tana kuka, karnuka suka tare ta. Ban tambaye shi sauran ba.

Mun yi ta komawa har na fara fid da rai. Wata safiya ina ƙwanƙwasawa sai na ji motsi a ƙarƙashin wani amalanke. Sufeto ne ya fito yana jan ƙafar baya, kunne ɗaya a yage, haƙarƙarinsa a waje. Wannan karon bai zagaya komai ba, ya faɗa wa farantin. Na naɗe shi a gyalena, bai ko yi yunƙurin yaƙushi ba.

Na ajiye shi a ƙasa kusa da gadon Amma, na sa masa faranti. Ƙarar harshensa ce ta sa ta juyo. Ta daɗe tana kallonsa, ta sauko da hannu ta taɓa yagaggen kunnen. Sannan ta tambaye ni, da muryar da da ƙyar na ji, ko na sa gishiri a ciki. Na ce ban sa ba. Ta ce ba ta yarda da ni ba, tun ina yarinya hannuna yake da nauyi a gishiri, in ba ta ta ɗanɗana. Na ɓantaro guntu na sa mata a baki. Ta tsotse, ta ce kindirmon ya yi yawa, in ƙaro ta tabbatar. Yanzu ta haka kawai ruwa ke shiga cikinta. Duk gwangwanin da zan ba shi sai ta fara duba aikina, ni kuma da gangan nake kuskure don ta sake dubawa. Na gaya wa likita ina jin kunya, ya ce in ci gaba, romon da ba gishiri ya fi mata komai a yanzu.

Sai dai ya kira Wazir Ali gefe ya gaya masa cewa kwanakin da ta yi ba ruwa sun ƙarasa abin da rana ta fara. Ƙafafunta sun kumbura har gwiwa, fitsari ya kusa tsayawa, wani lokaci takan kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu. Likitan ya ce sai wankin ƙoda a birnin Sukkur, kuma ba ya jin jikinta zai ɗauka. Ita ma ta ce ba inda za ta. Chacha kullum da safe yakan kawo dutsen ƙanƙara a bayan babur, ya ajiye a bakin ƙofa ya tafi. Bai sake shigowa ba, ita ma ba ta tambaye shi ba.

Jiya bayan la'asar hankalinta ya dawo sarai. Ta sa na fito da likkafanin da ta zo da shi daga Makka, ta ce in shanya shi a inuwa ya sha iska. Ba ta taɓa ambaton maganar magunan da sunanka ba, ko sau ɗaya. Abin da ta tambaye ni kawai shi ne, idan lokacin ya yi, ɗanta ne zai shiga rami ya karɓe ta, ko maƙwabta. Na ce ɗanta ne. Ada, na riga na amsa da bakinka. Na san ka ce sai hutun hunturu, na san maigidan aikinku ba shi da sauƙi. Kada ka aiko da magani, kada ka aiko da komai. Ka zo.

Ka gaishe mini da Bhabhi Shabiran da kyau, ka ce ta yafe mini rashin kira. Ka shafa kan yaranka Sarang da Marvi. Wazir Ali yana gaishe ka, Sindhu tana gaishe da kawunta, Masi Hakimzadi ma ta ce in saka sunanta. Allah Ya buɗe maka hanya, Ya kawo ka da wuri.

Ƙanwarka mai jiran isowarka,
Zebun