Kwazazzabon Gonar Baba Ya Tsaya

Zuwa ga Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal? Ya Anti Rabi da yara? Mu nan Roni kowa lafiya, alhamdu lillahi.

Yaya, ka kwantar da hankalinka, ba sai mun sayar da gonar Baba ba. Kwazazzabon nan da ya cinye mana gefen gabas bara ya tsaya.

Tun da rani na duƙufa ina kallon darussan zaizayar ƙasa da ake sakawa kyauta a intanet. Turancin ya ba ni wahala, amma hotunan sun fahimtar da ni cewa ba a bakin rami ake tare ruwa ba, tun daga tudu ake rage masa gudu. Sai na jera duwatsu layi-layi a gicciye, na dasa ciyawar jema a bayansu. Kawu Ilu har dariya ya yi mini, wai, "Nura, yanzu waya ce za ta koya maka noma?"

Ranar Talata aka wuni ana ruwa. Washegari na tafi gona. Wallahi ko taku ɗaya ramin bai ƙaru ba, geronmu yana tsaye. Da na gaya wa Inna sai ta ce a ɗauke ta a babur ta je ta gani da idonta.

Ka taya mu da addu'a, damina ba ta ƙare ba. A gaida kowa da kowa.

Ƙaninka,
Nura