Shekara Sha Takwas Da Wata Bakwai: Kukana Ga Kamfanin Inshora

Zuwa ga Manajan kamfanin inshorar motoci, reshen Minna, ta hannun Edita.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka baki ɗaya. Ni ne Shu'aibu Adamu, akawu a ofishin gona na Suleja, garin da har yanzu bakina kan suɓuce in ce masa Abuja. Shekarata arba'in da ɗaya. Sau biyu na aiko maka takarda ta gidan waya ban ji amsa ba, shi ya sa na biyo ta jarida. Wannan ma sai da na rubuta ta sau huɗu. Ta farko ta yi zafi, ta biyu ta yi sanyi, ta uku kuwa da na sake karanta ta sai na ga kamar ku ne da gaskiya, na yaga ta.

Ga maganar a taƙaice. Na sayi tsohuwar akori-kura da kuɗin ariyar da aka biya ma'aikata shekarun baya. Abokan aikina sun sayi rediyo da babur, ni na ƙulle nawa. Na saye ta ne don ɗana, wanda ya gama sakandare bai sami wucewa gaba ba, ya riƙa ɗauko doya daga ƙauyukan Zuma yana kaiwa kasuwar Lambata, ya kwana a gida. In motar ba ta hau titi ba, kawunsa Alhaji Bawa zai tafi da shi Anacha a matsayin yaron mota, kwana uku bayan Babbar Sallah. Yau sati uku ke nan tana tsaye a ƙofar gidana a Kwamba, kaji suna shan inuwarta, saboda ba ta da takardar inshora.

Na ɗaya. Laifin farko nawa ne, kuma gara in faɗa da bakina. Ranar Talatar farko ta wannan wata muka je wurin wakilinku na nan garin, Mista Inyang, mutumin kirki wanda ya fi shekara goma yana haya a unguwarmu. Ya dubi yaron, ya dubi ɗan gemun da ya fara tsiro masa, ya ɗauki fensir ya rubuta shekara ashirin da shida a kan fam. Ya ce kuɗin shekara naira sittin da biyu ne. Ni kuwa, da yake aikina ke nan gyaran lissafin mutane, sai na miƙa yatsa na ce masa an yi kuskure, yaron shekararsa sha takwas da wata bakwai. Mista Inyang ya yi tari. Na maimaita. Ya sake yin tari, ya taka mini ƙafa ta ƙarƙashin tebur. Na janye ƙafata na ba shi haƙuri, na kuma ba shi shawara ya sha zuma da lemon tsami. Da na ga kamar bai yarda da ni ba, sai na hau kekena na koma gida na ɗauko shaida.

Shaidar kuwa ita ce dayari. Tun ina makaranta wani malaminmu ya hore mu da rubuta abin da ya faru kowace rana, kowa ya bari da aka yi hutu, ni ban bari ba har yau. Na buɗe masa shafin, wata biyar bayan samun 'yancin kai, ga rana, ga lokaci, ga sunan ungozoma, har da kuɗin ragon suna. Na karanta masa da ƙarfi a gaban wani malamin ofishinku da ya zo daga Minna duba aiki, wanda sai a lokacin na lura yana zaune a kusurwa. Mista Inyang ya goge fensir ya ɗauki biro. Sittin da biyu ta koma ɗari da hamsin da biyar, wai direban da bai kai ashirin da biyar ba haɗarinsa ya fi yawa. Albashina na wata bai kai haka ba. A hanyar komawa gida yaron ya karɓi keken ya turo mini shi har ƙofa.

Na biyu. Ina roƙon ka duba wani abu, ranka ya daɗe. A garin nan mutum nawa ne ya san ranar da aka haife shi? Ka tambayi direba a tasha, zai ce maka shekarar fara ce, ko shekarar da kogi ya cinye gada, sai mai rubutu ya dubi fuskarsa ya yanke masa shekaru. Akwai yaron da aka haifa kwana tara bayan nawa, na ci tuwon sunansa, yanzu a takardarku shekararsa ashirin da bakwai, yana biyan sittin da biyu. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma ina roƙo kada a tambaye ni. Ashe ba ƙuruciya kuke sa wa kuɗi ba, uban da ya iya riƙe alƙalami kuke ci wa tara. Tun da labarin nan ya bazu an yi suna biyu a layinmu ba a gaya mini ba. Maƙwabcina Malam Gambo, da muka haɗu a masallaci, ya ce ba don komai ba ne, suna dai so jariran su girma su sami aiki.

Na uku. Mista Inyang ya biyo ni gida washegari, cikin tausayi, ya ce in sa sunana a matsayin direba, tunda ina da lasin kuma na haura arba'in, sai a koma sittin da biyu. Gaskiya ne ina da lasin. A zama na huɗu na samu, kuma ina zargin mai gwajin gajiya ya yi da ganina. Yaron kuwa zama ɗaya ya yi. Wata huɗu yana koyo a filin makaranta ina zaune gefensa ina rubuta kurakuransa, abin da na samu bai wuce motar ta mutu masa sau biyu a hawa ba, da rana ɗaya da ya manta bai yi alamar kwana ba. Motar nan sau ɗaya ta taɓa bugun wani abu tun da ta zo hannunmu. Ranar na karɓi sitiyari ne don in nuna masa yadda ake ja da baya, na taka totur a maimakon birki, na kwantar da rumbun dawar Malam Gambo. Wannan mutumin kuke so ku ba inshora da araha, ku tsawwala wa wanda ya kashe motar ya fito da ni daga cikin dawa. Na ƙi shawarar, domin na ji an ce in haɗari ya auku aka tarar ba mai sunan ke tuƙi ba, ba ku biyan ko kwabo.

Na huɗu, kuma wannan ya fi ba ni kunya. An ce mini in je kotu in yi rantsuwar shekaru, in ce dayarin ne ya yi kuskure, yaron ashirin da shida ne. Da zan so in ce maka tsoron Allah ne ya hana ni. Amma na je, na sayi fam ɗin, na cika shi da rubutuna mai kyau, na ajiye a kan tabarma da niyyar in kai da safe. Maiɗakina, wadda ta yi yaƙi da jahilci, ta ɗauka ta haɗa baƙi, ta ƙirga da yatsunta. Sai ta tambaye ni shekara nawa da aurenmu. Na ce sha tara. Ta ce to, zan dafa Alƙur'ani a gaban alƙali in rantse ta haifi ɗa shekara bakwai kafin a ɗaura mata aure ke nan? Ta ce in ina so in yi, in fara zuwa in gaya wa mahaifinta, yana nan da ransa. Ni da nake gyara lissafin ofis guda, wannan ɗan ragin bai zo mini a kai ba. Da fam ɗin aka hura wutar koko.

Na yi ta tunani ko ku ke da gaskiya. Na san yara da gaggawa, na kuma ga abin da hanya take yi. Wataƙila a cikin lissafinku na yara dubu haka abin yake. Ni dai guda ɗaya na sani.

Saboda haka ga roƙona. Ka turo mutum ɗaya daga ofishinka ya zauna gefen yaron daga Kwamba zuwa Lambata, da lodin doya a baya, ni zan biya masa kuɗin mota zuwa da komawa. In ya sami aibi, na janye kukana, zan kuma ba da haƙuri a wannan jarida. In doka ba ta yarda da haka ba, a raba mini ɗari da hamsin da biyar ɗin gida uku, in ba da kashin farko yanzu, sauran in doya ta shigo. Sannan kada a taɓa Mista Inyang a kan abin da na faɗa. Fensir ya rubuta da shi, kuma iyakar ƙoƙarinsa ya yi a kan mutumin da ba ya jin tari.

Abu na ƙarshe, a taimaka a ba ni amsa kafin Sallah. Yaron ya riga ya sayi jakar buhu a kasuwa, na ga uwarsa tana ɗinke masa aljihu a cikin wando. Ɗan farina ne, ka kuwa san al'adarmu, ko sunansa ba na faɗa, balle in zaunar da shi in ce masa ba na so ya tafi. Kun ce ya yi ƙanƙanta ya riƙe sitiyari a hanyar da ya sani tun yana goye. A gingimarin kawunsa a saman kaya zai zauna har Anacha, yana riƙe da igiya, kuma can babu wanda zai tambayi shekarunsa.

Allah Ya ƙara maka girma, Ya tsare hanyarka, Ya raya maka naka 'ya'yan a gabanka. Kowace safiya ƙarfe tara ina gidan waya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Shu'aibu Adamu,
Kwamba, Suleja.