Ni na farke matashinki

Maman Hikma,

Ki yi haƙuri, ni na farke matashinki, ba ɓera ba. Lagwanin sigarin lantarkina ya ƙone da safe, audugata ta ƙare, sai na ciro ta matashin. Ashe audugar rimi ce, ba ta shan ruwa. Zuƙa ɗaya, kamar na haɗiyi garwashi.

Don Allah ki sayo auduga a kantin magani, ki tafasa, ki shanya.

Kwana arba'in ban sha taba ba, tun da ƙirjin Hikma ya kai mu asibiti. Yau kuma a tashar Kwadaso zan wuni, gefen teburin mai taba.

Ki kira ni da azahar, ki ba Hikma wayar.

Amidu