Zagon Tafkin Gabaruwa

Litinin, 3 ga Maris, 1975

An sa ranar su, ranar da gari duka ke shiga tafki kamun kifi. Asabar ta ƙarshen wata. Dagaci ya aiko, wai in shirya zago, mashin kifin da ake buɗe su da shi.

In shirya me?

Bari in rubuta, tunda takarda ba ta da baki. Wata uku na yi a ajin yaƙi da jahilci da furfurata, ashe ranar yau na yi wa. Zagon Tafkin Gabaruwa ba ya hannuna. Na sayar da shi shekarar fari, shekara biyu ke nan, lokacin da muka kwana uku ba a ɗora tukunya ba. Wani mai yawon sayen tsofaffin ƙarafa ya zo daga Kano, na miƙa masa, na auno gero. Ko Fanna matata ban gaya wa ba. Bara da bariya tafki ya ƙafe, ba a yi su ba, asirina ya rufu. Bana ruwa ya ɗan tsaya.

Laraba, 5 ga Maris

Na ɗauko wanda maƙerin Auyo ya ƙera min a ɓoye. Tsawo ɗaya, ƙayoyi ɗaya, tsaga uku a wuya kamar na gaske. Ido zai yarda. Amma ba ido ake sawa ba. Al'ada ita ce kafin kowa ya taɓa ruwa, babban kowane gida cikin gidaje uku masu tafkin ya ɗora babban yatsansa a tsagar gidansu, ya ce "shi ne", sannan in jefa. Ni, da Arɗon Fulani, da Zarami na ɗaya gidan masunta.

Arɗo sabo ne, bai taɓa riƙe shi ba. Zarami fa? Shekara arba'in yana sa yatsa a wurin nan. Yanzu kuma idonsa ya tafi, duk ganinsa ya koma hannu. Ga shi shekara tara ba ma gaisawa, tun rigimar iyakar gonar shinkafa. (Ni ke da gaskiya, har gobe.) In ya ce "ba shi ba ne" a gaban gari, sai dai in bi ruwa.

Alhamis, 6 ga Maris

Samari na cewa madatsar da gwamnati ta gina can ƙasar Kano ce ta tare mana kogi. Allah ya sa ita ce, ba alhakin zagon da na sayar ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Kano. Na hau jirgin ƙasa a Malam Madori. Na ce wa Fanna ciwon gwiwa zan kai asibiti. Ta dube ni ta dubi gwiwar, ta ce, "Malam, wacce daga ciki?" Na ce duka.

Na sauka wurin 'yata Mairam a Fagge. Mijinta ya sayi rediyo mai girman akwati, tun da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi kowa sabon abu yake nema. Na tambaye shi inda tsofaffi ke zuwa. Ya ce tsofaffin me? Na ce kaya.

Litinin, 10 ga Maris

Na ga kasuwar. Fili ne a bayan ganuwa, ba rumfa sai tsumma a kan sanda, kowa ya baje nasa a ƙasa. Gwanjo tsibi-tsibi. Takalman soja ragowar yaƙi, wani ƙafa ɗaya. Garmaho ba hannu, keken ɗinki ba ƙafa, fitilar ƙwai ba ƙwai, mabuɗai cike da kwano ba a san ƙofarsu ba. Wani yana sayar da tabarau, mutane na gwadawa ɗaya bayan ɗaya har su dace da wanda ke nuna musu duniya.

Can ciki kuma sai namu. Tasoshin amare, mundaye, akusa, likkafu, har allon wani da rubutu bai gama gogewa ba. Na ga akushi mai ɗinkin waya a gefe, irin ɗinkin mutanen Miga. Wata ta ci tuwo a ciki shekara da shekaru. Ashe ba ni kaɗai ba ne. Ban ji sauƙi ba, sai ma ƙasa da na riƙa kallo kada in haɗu da wanda na sani yana neman nasa.

Talata, 11 ga Maris

Babu. Rana ta dafa ni. Wani ya ce, "Baba, me aka ɓatar?" Na ce kallo nake.

Alhamis, 13 ga Maris

Na gan shi.

Yana kwance a kan buhu tsakanin wani tsohon takobi da ƙararrawar makaranta. An cire masa ƙota, an shafe shi da baƙin mai. Tun daga nesa na gane shi, kamar ka hango ɗanka a cikin fursunoni. Mai kayan wani siriri ne mai haƙorin Makka, Gambo sunansa, bakinsa ba ya hutawa.

Na yi dabara. Na taya takobin, na taya ƙararrawar, sannan na taɓa shi da ƙafa (Allah ya yafe min, da ƙafa) na ce wannan guntun ƙarfen fa? Ya faɗi abin da ya fi ƙarfin aljihuna, amma ba da nisa ba. Na ce zan dawo gobe. Ya ce, "Allah ya kai mu, Baba. Ƙarfe ba ya ruɓewa."

Mairam ta cika min ba ta tambayi na mene ne ba. Ta dai ce, "Baba, gwiwar ta yi sauƙi ke nan, irin wannan yawo."

Juma'a, 14 ga Maris

Ban san ta inda zan fara ba.

Na je da hantsi. Na tarar da wani Bature a tsugune gaban buhun, jan wuya, gajeren wando, yana Hausa irin ta littafi. Malami ne wai a wata makaranta. Zagon na hannunsa. Bai ma nuna yana so ba, juya shi kawai yake, har ya fara miƙa hannu zai ajiye. Da na yi shiru. Da na yi shiru na minti ɗaya!

Sai Gambo ya buɗe baki. Wai mashin yaƙi ne. Wai na wani barde ne da ya tsaya a ƙofar Haɗeja ranar da Turawa suka shiga, tsaga ukun nan kuwa mutum uku ne da ya kashe.

Ban san lokacin da na ce "Ƙarya kake" ba.

Gambo ya ce, "A'a, Baba, da kai aka yi?"

Na ce mashi da ƙayoyi a baya, a gidan wa ka taɓa gani? Wannan zago ne, na kifi. Kuma mutum ɗaya ya taɓa kashewa, ba uku ba. Daga nan bakina ya ƙwace. Na ba su tun daga tushe, yadda kakana ya ba ni: yadda gida uku suka yi faɗa a kan tafki zamanin kakan kakana, masunta biyu da masu shanu, yadda aka soki wani saurayi da wannan ƙarfe ya mutu a bakin ruwa, yadda uwarsa, Iya, ta hana a rama, ta zare shi da hannunta ta kai maƙera, ta sa aka yi tsaga uku, ta ce kowane gida ya sa yatsa a inda jinin ɗanta ya bi kafin ya ci abin da ke cikin ruwan nan. Na jero sunan duk wanda ya riƙe shi, mutum bakwai. Har waƙar da ake yi in an jefa na rera. A tsakiyar kasuwar Kano, da rawanina.

Mutane sun taru. Mai shayi ya bar shayinsa. Baturen ya fito da ɗan littafi yana ta rubutu, yana cewa, "Sannu a hankali, Malam, sake faɗi." Ni kuma, tsohon banza, daɗi nake ji. Rabon da a saurare ni haka tun kafin fari.

Da na gama ya riƙe zagon da hannu biyu. Ya ce, "Abu mai girma haka, yaya aka yi ya bar garinsu? Mutanensa ba sa nemansa?"

Ya tambaya da gaske. Na ga idonsa. Da na ce ni ne na takwas, ni na sayar don yunwa, shi na zo nema, na rantse da ya sakar min. Mutum talatin na kallona. Na ce, "Wani shashasha ne ya sayar. Ya mutu."

Ya ce Allah ya ji ƙansa. Ya biya abin da Gambo ya faɗa, ko tayi bai yi ba, ya naɗe shi a jarida, ya yi min godiya har da rusunawa. Na bi shi da ido har ya shiga mota.

Ban je masallacin Juma'a ba. Na zauna gindin ganuwa kamar wanda aka yi wa sata.

Asabar, 15 ga Maris

Na koma, ban san dalili ba. Ko Gambo ya san gidan mutumin. Bai sani ba. Ya tashi ya ba ni buhu in zauna, ya kawo goro. Ya ce, "Baba, kai ne maganin kasuwa. Ka zauna nan kullum, ni in kawo ƙarfe kai ka kawo labari." Ya janyo wasu zaguna biyu daga ƙarƙashin tsumma, an riga an yi musu tsaga uku-uku, sabuwa fil. Kafin in tashi na ji yana gaya wa wani Alhaji labarin Iya, ya mai da ita 'yar sarki.

Ban gyara masa ba. Karo na farko a rayuwata.

Talata, 18 ga Maris

Gida. Na mayar wa Mairam abinta kafin in taho. Fanna ta ce me likita ya ce? Na ce tsufa.

Asabar, 22 ga Maris

Kwana huɗu ina gugar na Auyo da yashi da man shanu a bayan rumbu. Na gwada da yatsana, sumul nake ji. Amma yatsan da ya shekara sittin yana jan igiyar homar kamun kifi, ko ƙaya ta soke shi ba ya sani.

Alhamis, 27 ga Maris

Na wuce ta ƙofar gidan Zarami. Yana zaune a dakali, fuska sama. Na rage tafiya. Ya ce, "Wane ne?" Na wuce.

Asabar, 29 ga Maris

An yi su.

Gari duka a bakin tafki, da gora da homa, har mutanen ƙauyuka. Na kwance fatar da ake naɗe zagon a ciki, na fito da shi. Na sa yatsa na ce shi ne, muryata kamar ta wani. Arɗo ya sa ya ce shi ne. Aka jawo Zarami.

Ya karɓa. Ya auna nauyinsa a tafin hannu. Ya bi wuyan da yatsa har tsagar tsakiya, tasu, ya danna yadda ya saba, ya ja. Na ga fuskarsa ta motsa. Na ga jini ya tsatso a yatsan, ɗan siriri, ya gangara zuwa wuyan hannu. Hannunsa ya yi laushi tun da ya bar ruwa, ban yi wannan tunanin ba. Tsagar gaske kuwa yatsun kakanni sun cinye bakinta, ko jariri ba za ta yanka ba.

Ya daɗe. Har dagaci ya yi gyaran murya. Ni dai ina kallon ruwa ina auna zurfinsa.

Sai ya dunƙule hannun ya cusa cikin aljihun riga, ya ɗaga kai ya ce da ƙarfi, "Shi ne."

Na jefa. Aka yi kabbara aka afka. Kifi ba laifi, tarwaɗa da karfasa, an sami giwan ruwa biyu. Ban shiga ba. Na ce gwiwa.

Da ya tona ni, da na san abin da zan yi da shi. Wannan fa?

Lahadi, 30 ga Maris

Ban fita ba.

Talata, 1 ga Afrilu

Kason da aka kawo min na mai zago, kan giwan ruwa, ya yi mana yawa mu biyu, zai lalace. Shi ya sa na kai gidan Zarami, ba don komai ba.

Na yi sallama. Ya ce, "Ɗanliti, ashe kana da murya." Na zauna a ƙarshen dakali. Yatsan na ɗaure da tsumma. Ban yi niyyar magana ba, amma na gaya masa. Geron, da maƙerin, da Kano, da Baturen. Har "ya mutu" ɗin na faɗa. Nan ya yi dariya har da tari, ya ce, "Allah ya ji ƙan shashasha. Ni tasar uwata na sayar, da munduwarta. Ka gan su a can?" Na ce ta yiwu.

Na ce me ya sa ka ce shi ne? Ya ce, "Yara ɗari sun tuɓe riga suna jiran kifi, in tsaya ina shari'ar ƙarfe? Kuma ai ya sha jini yanzu. Na gidanmu ma." Sannan ya ce, "Amma maƙerinka ɗan iska ne. Ka riƙa kawo shi nan muna murzawa, kafin baɗi ya yi laushi. Hannunka wannan ba ya jin komai."

Maganar gona ba mu taɓa ta ba, kuma iyakar tana nan inda na ce. Na kai har la'asar, don rana ce ta yi zafi.

Ya ce gobe bayan azahar. Ban ce zan je ba. Na dai ce wa Fanna in mai goro ya zo ta karɓi biyu.