Fayilolin Tsakiya

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya ƙarfin hali? Matarka Anti ta ce aikin da aka yi maka a maƙogwaro ya yi kyau, sai dai likita ya hana ka magana har ciwon ya kame. Allah ya ƙara sauƙi. Na ce mata gidan zai sha iska kwana biyu, ta ce in zo in faɗa a gabanka in na isa.

Tunda waya ba ta da amfani yanzu, ga ni da rubutu, kuma da kuka na zo. Ka san manhajar nan da muke yi wa ungozomomi, wadda ke tuna musu ranar awo da alamomin haɗari ga mai ciki. Ni na dage aka sa mata murya, domin da yawansu idonsu bai saba da ƙananan rubutu ba, wasu ma ba su yi karatu ba sam. To tun da na shigo da ɓangarena, gini, wato haɗa manhajar a kwamfuta, ya zama azaba. Ko waƙafi ɗaya mutum ya gyara, sai magini, shirin da ke haɗa ta, ya rushe komai ya faro daga tushe. Ka danna, ka je ka yi salla, ka ci abinci, ka dawo, yana nan yana nishi.

Jiya Dogo, babban injiniyanmu, ya tsaya a kaina ya ce, "Ƙanwata, kafin zuwan muryar nan taki lafiya lau muke zaune." Manaja kuwa ya ce shugabar ungozomomi za ta zo duba aiki, in ban shawo kan abin kafin nan ba, za a cire murya gaba ɗaya, a bar rubutu kawai.

Yaya, kai ka fara ɗora hannuna a kan kwamfuta. Ina zan duba?

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Jiki da sauƙi, alhamdu lillahi. Saƙonki na shan iska ya iso, na ajiye shi sai bakina ya buɗe.

Ki daina kuka, ki yi tunani. Magini ba shi da wayo kuma ba shi da mugunta. Abu ɗaya ya iya: ya dubi kowane fayil, ya ga yaushe aka taɓa shi na ƙarshe. In abin da aka gina ya girmi abin da aka gina shi da shi, ko kuma ya nema bai gani ba, sai ya sake. Iyakar hankalinsa ke nan.

A yadda na fahimta, kalmominki ba kai tsaye suke shiga manhaja ba. Ana fara juya su zuwa wasu fayiloli na tsakiya, daga nan a haɗa. Zargina shi ne akwai mai share 'yan tsakiyar nan da an gama gini, don kada su cika wuri. Gobe magini ya zo bai same su ba, ya sake yin su, duk abin da ya dogara da su ya bi sahu. Ki nemo inda ake sharewa, ki ce a bar su. Na tabbata nan ne.

Shi kuma Dogo, ki gaishe shi da mutunci. Mutumin da ya gaji da jira ba ya zaɓen magana.

Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan ka tashi lafiya. Na yi yadda ka ce. Gaskiyarka, akwai layin da ke share su, na cire shi, na gaya wa magini waɗannan fayilolin ajiya ne, kada a taɓa. Na ji daɗi har na kira Dogo ya zo ya gani. Na danna. Wallahi Yaya, sai ga shi ya faro daga tushe kamar ban yi komai ba! Fayilolin na nan a zaune ina kallonsu, amma ya sake komai. Dogo ya ɗan dafa kujerata kawai ya koma wurinsa. Da ma zagina ya yi.

Da rana na ji Manaja yana tambayarsa ko cire muryar zai ɗauki lokaci. Na shiga banɗaki na wanke fuska, na dawo na zauna. Ban faɗa wa Mama ba, kai ma kada ka rubuta mata, ka san yadda take alfahari da cewa wayar ungozoma za ta yi magana da aikin 'yarta.

Auta

*

Auta,

Na ce miki na tabbata, ga shi ban tabbata ba. Rabin ciwon na gani. Daga kan gadon nan ba zan iya hango sauran ba, kuma in na ci gaba da hasashe zan ɓata miki lokaci. Ki daina tambayata, ki tambayi maginin. Akwai hanyar sa shi ya faɗi dalilin kowane abu da ya sake. Zai zubo miki surutu mai yawa. Ki yi haƙuri ki bi shi baya-baya har ki kai kan na farko da ya ce sabo ne.

Ki ci abinci.

Yayanki

*

Yayana na kaina,

Assalamu alaikum! Ka gyara zama, ka sa Anti ta ƙara maka matashi, labarin da tsawo.

Na sa shi ya yi bayani, ya kuwa zubo kamar an ɓalle famfo. Na bi layi-layi, wannan ya ce saboda wancan, wancan ya ce saboda na bayansa, har na iso kan wani ɗan fayil da bai kai tafin hannu ba: jerin sunayen saƙonnin murya. Kusan kowane ɓangare na manhajar yana leƙa shi. Ashe duk gini sai an sake rubuta shi, ko da ba abin da ya canza a ciki. Kalmomi iri ɗaya, tsari iri ɗaya, amma lokacinsa sabo fil. Magini ya gan shi da sabon lokaci, sai ya ɗauka duniya ta canza, ya tashi kowa daga barci.

Gyaran bai fi layi huɗu ba. Na ce a riƙa rubuta sabon a gefe tukuna, a gwada shi da tsohon. In daidai suke, a yar da sabon, a bar tsohon da lokacinsa. In sun bambanta, sannan a musanya. Na danna sau ɗaya, ya yi dogon gininsa. Na sake dannawa. Yaya, kafin in ɗauke yatsana ya ce babu abin yi. Na zaci lalacewa ya yi. Na canza kalma ɗaya, ya taɓa abu uku kacal ya tsaya. Na yi ƙara har mai gadi ya leƙo.

Ban gaya wa kowa ba, don kunyar da na ji sau ɗaya ta ishe ni. Na kwashe yini ina gwadawa ta kowace fuska, har na tabbata ba ya tsallake abin da ya kamata ya sake.

Yau shugabar ungozomomi ta zo. Dattijuwa ce mai tabarau a wuya, ba ta da wasa. Aka kunna mata saƙon zubar jini, ta ɗaga hannu ta ce, "Tsaya. Wa ya ce muku haka ake faɗa wa mace? Za ku tsorata ta ta ƙi zuwa. Ku ce ta zo yanzu a duba ta, kada ta jira gobe." Manaja ya fara 'yan kame-kame, wai za a gyara a aika mata wani satin, yana satar kallon Dogo. Na ce, "Hajiya, sake faɗa mini yadda kike so." Ta faɗa, na rubuta, na danna, na miƙa mata wayar. Tana ƙoƙarin sa tabarau wayar ta yi magana da kalmominta.

Ta dube ni, ta dubi wayar, ta ce, "Au, haka abin yake? To matso kusa, 'yata." Ta jawo kujera ta zauna a gefena. Saƙo bayan saƙo, tana gyarawa ina dannawa, har aka kira la'asar ba ta tashi ba. Wani wurin ta yi dariya ta ce wanda ya rubuta wannan bai taɓa shiga ɗakin haihuwa ba. Dogo ya ce shi ne, kowa ya fashe. Da za ta tafi ta ce wa Manaja, "Muryar nan ita ce aikin. Sauran duk ado ne."

Bayan ta fita Dogo ya zo ya tsaya a kaina kamar ranar nan, amma yau cewa ya yi, "Malama, nuna mini layukan nan." Malama fa, Yaya! Manaja kuma ya ce in duba sauran ayyukan ofis, ko su ma suna da irin wannan ciwon.

Yanzu kana iya gaya wa Mama. A'a, bari, ni zan faɗa mata da bakina.

Taka har kullum,
Auta

*

Malama Auta,

Wa alaikumus salam. An sallame ni, ina gida. Antinki ta karanta wasiƙarki sau biyu, ta ce ba ta gane komai ba sai wurin dattijuwar, amma ta yi hawaye.

Na buɗe wani tsohon aikina da ya shekara yana wahalar da ni, na sa masa layukanki huɗu. Na danna, na miƙe zan ɗora ruwan shayi kamar yadda na saba. Ban kai bakin ƙofa ba ya gama.

Yanzu ban san lokacin da zan riƙa shan shayi ba. Ke kika jawo.

Allah ya yi miki albarka.

Ɗalibinki,
Yaya