Daƙiƙa Goma Sha Biyar a Layin Dogarawa

Samaru, Zariya
6 ga Maris, 2006

Zuwa ga Sebastian Ogbonna,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Shekara goma sha biyar rabon da in yi maka magana, kuma da son raina ne da na cika ashirin.

Ka san abin da ke tsakaninmu. A watan Afirilun 1991 na kafa na'urar nan a layin wutar da ya tashi daga tashar Samaru, ya bi ta Dogarawa, ya shiga Sabon Gari. Kai ne helman masu hawa falwaya, da igiyarka aka ɗaga ta. Aikinta bai da wuyar ganewa. In reshe ya taɓa waya, sai ta ji, ta yanke wuta, ta jira daƙiƙa goma sha biyar, ta mayar da kanta. In matsalar tana nan, ta sake gwadawa sau biyu, sannan ta haƙura. Kafin zuwanta reshe ɗaya kan hana unguwa wuta kwana biyu. Shekara huɗu na yi a Ingila ina koyon wannan. Cikin wata uku, sau goma sha ɗaya ta yanke ta mayar, duk suna rubuce a littafina.

Sai ga kwamiti a watan Agusta, wata guda da binne ƙanena Japheth. Ka tsaya gabansu ka ce na'urar ta cije, ba ta aiki. Suka je suka tarar da ita a cije. Aka mayar da ni sito ina gadin matattun mitoci har aka yi mini ritaya.

Yanzu wasu malaman jami'a za su kafa sabuwa irinta a wannan layin cikin watan Mayu. Sun nemi in yi musu bayanin tawa, amma takardar ofis cewa ta yi ta gaza. Ina so ka rubuta cewa ta yi aiki, ka sa hannu. Matata Martina za ta biyo ta shagonka ran Asabar ta karɓa.

Ka huta lafiya.
Toma Shekari


Sabon Gari
11 ga Maris, 2006

Oga Injiniya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Da Madam Martina ta miƙo mini takarda na gane hannunka tun ban buɗe ba, har yanzu rubutunka kamar sojoji a fareti. Na ba ta kujera ta ƙi zama, amma ta sha ruwa, na gode wa Allah da wannan.

Na'urarka ta yi aiki. Ga shi na faɗa maka. Amma ba zan rubuta wa 'yan jami'a ba. Oga, duk mun tsufa, ni ciwon suga ya taɓa mini ƙafa, ya hana ni ko hawa benci. A bar kaza cikin gashinta.

Tambaya ɗaya kawai. Wannan sabuwar, ita ma da kanta za ta riƙa mayar da wuta? Mutanen da ke hawa yanzu an faɗa musu?

A gaida Madam.
Naka, Sebastian


Samaru
15 ga Maris, 2006

Sebastian,

Na gaishe ka. Kazar da kake magana an daɗe da fige ta, ni ce kazar. Waɗanda na koya wa karanta taswirar layi yau direba ke buɗe musu ƙofar mota. Ni ina bakin titi a Samaru ina gyara wa 'yan makaranta dutsen guga, suna ce mini Baba Mai Waya.

I, da kanta za ta mayar, amfaninta ke nan. Masu hawa kuwa dokarsu ɗaya ce tun zamanin Turawa: kada ka taɓa falwaya sai da takardar izini daga tasha. Wanda ya kiyaye ta babu ruwansa da irin na'urar da ke kan layi. Japheth bai kiyaye ba. Ni na sama masa aikin, ya hau ba takarda, da burukutu a kansa, haka rahoto ya ce. Haka na faɗa wa matarsa Bibiana ranar jana'iza a gaban mutane, kuma ban janye ba.

Kada ka fake da masu hawa. Ka yi mini ƙarya a gaban kwamiti, ka faɗi dalili ko ka rubuta takardar.

Toma


Sabon Gari
25 ga Maris, 2006

Oga Injiniya,

Gaisuwa. Kwana goma ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Tunda ka kira sunan Japheth, to ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa.

Takardar izinin nan, sau nawa ka ga mun karɓa? Tasha tana Samaru, mu muna Sabon Gari. Motarmu ɗaya, rabin wata tana kan dutse a lalace. Oba-obarmu ta yin magana da tasha ta mutu tun 1988. Ga mutane sun cika ofis suna zagin iyayenmu. Saboda haka muna da tamu hanyar, na gaje ta wurin helman da ya riga ni. Muna da sarƙa ɗaure da doguwar igiya. Sai mu jefa ta kan wayoyi, ta yi tartsatsi, layi ya faɗi, mu janye ta. Mai tsaron tasha ya san maganar: in layin Sabon Gari ya faɗi da rana babu hadari a sama, to mu ne. Ba ya mayarwa sai na aika masa. Ba a rubuta wannan ko'ina ba, kuma ba a faɗa wa injiniyoyi.

Ran 9 ga Yuli, kana kwas a Kaduna, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, muka je Dogarawa canza kwalbar falwaya da ta tsage. Tun da aka kafa na'urarka ba mu jefa sarƙa a layin ba sai ranar. Ni na jefa. Akwai injin niƙa a gefen wurin, shi ne alamarmu. Muka ji ya yi shiru. Mai injin ya yi abin da kowa ke yi in an ɗauke wuta, ya sauke makunninsa don kada ta dawo da ƙarfi ta ƙona masa kaya, ya fito waje. Shi ya sa da ta dawo ba mu ji komai ba.

Japheth yana ɗaura bel yana tsokanata, wai tumbina ya fi ƙarfin falwaya shi ya sa aka ba ni helma. Ya ce, “Yayana ya kawo mana akwati daga Ingila, saura ya kawo mana tsani.” Muka yi dariya, ya hau.

Bai sha komai ba, Oga. Kunu ya sha a gabana. Wani a ofis ne ya sa burukutu a rahoto don a rufe magana, ni kuma na yi shiru.

Da ka kafa akwatin ka ce mini zai rage mana wahala. Sauran bayanin ka rubuta shi da Turanci ka aika sama, bai sauko wurinmu ba. Sai bayan mun sauke gawar Japheth na je tasha, mai tsaro ya rantse bai taɓa komai ba, sannan na gane wanda ya mayar da wutar. Washegari na hau da kaina na cusa ƙusa a hannun na'urar, ta cije.

Me ya sa na yi wa kwamiti ƙarya? Da na ambaci sarƙa, da an kore mu mu tara, ni kuma a ɗaure ni. Wannan rabi ne. Ɗaya rabin, na gan ka a bakin kabari, na ce gara ka tsane ni da ka san na'urarka ce ta mayar da wutar. Ban san wanne ya fi nauyi ba, kada in yi maka wata ƙaryar.

Har yau ana jefa sarƙa. Makon jiya ma masu hawa sun sayi wata a layin shagonmu a kasuwa. In kana son takardar yanzu zan rubuta, amma da sarƙar a ciki.

Bibiana tana Jushi, bayan cocin nan mai jan rufi. Ba ta sake aure ba.

Allah ya ba mu haƙuri.
Sebastian


Samaru
3 ga Afirilu, 2006

Sebastian,

Na gaishe ka, ya ƙafa?

Bar takardar. Na je wurin malaman jami'a na faɗa musu maganar sarƙa da bakina, ban kira sunanka ba. Sun yarda ba za a kunna ba sai an tara masu hawa an yi musu bayani da Hausa. Na ce ni zan yi. In ƙafarka za ta kai ka, ka zo, sun fi jin taka.

Na je Jushi ran Lahadi bayan sujada. Na faɗa wa Bibiana bai sha ba. Ta ce ta sani, ita ta dama kunun. Ba ta ce in shiga ba.

Na buɗe littafina. Makon 8 ga Yuli akwai yankewa ɗaya, ita ce ta ƙarshe cikin goma sha ɗayan da nake alfahari da su. A gefenta na rubuta “reshe”. Ni na saita daƙiƙa goma sha biyar ɗin da hannuna. Japheth yana da shekara ashirin da tara.

Ka huta lafiya.
Toma